Yadda Ake Lissafin Lokacin Juya Bidiyo Kafin a Buga Shi a Faifan DVD

Ranar da aka yi walimar saukar Alƙur'ani ta ɗan yayata, da wayoyi uku aka ɗauki bidiyon. Da na haɗa guntayen wuri ɗaya, tsawonsu ya kai awa ɗaya da minti hamsin. Goggo, ƙanwar mahaifinmu, da sassafe za ta bi motar Gumel, kuma a ɗakinta talabijin ce da na'urar DVD, ba ta da babbar waya. Bayan sallar isha'i ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, ka sa mini abin nan a faifai in tafi da shi, mutanen gida su ma su ga yaron." Na ce, "To Goggo, yanzun nan, in sha Allahu." Ashe ba yanzun nan ba ne. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka ɗauke wuta, batirin laftof ya ƙare, aikin bai kai ƙarshe ba, ya watse gaba ɗaya. Da asuba na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, Allah Ya yi albarka, amma na ga yadda ta so ta riƙe faifan a jakarta. Sai bayan mako guda na aika mata.

Abin da ban lissafa ba a daren shi ne aiki biyu ne a ciki. Akwai bugawar kanta, wadda masu shago ke ce wa bonin, wato lokacin da hasken laza ke rubutu a jikin faifai. Wannan mintuna ne ƙalilan. Kafin ita akwai juyi, ko kombatin a bakin 'yan kasuwa, inda kwamfuta ke warware bidiyonka hoto bayan hoto ta sake ɗinka shi da tsarin da na'urar DVD ke iya karantawa. Juyin shi ke cin awanni. Kuma ana iya sanin tsawonsa kafin a fara.

Me ya sa sai an juya

Wayar zamani tana ajiye bidiyo da tsarin H.264 ko H.265, galibi a fayil ɗin MP4. Faifan DVD kuwa tun 1996 da ya fito a Japan yake kan tsarin MPEG-2, kuma girman hotonsa a tsarin PAL, wanda talabijin ɗin Najeriya ke bi, ɗigo 720 ne a kwance da 576 a tsaye, hoto 25 a kowace daƙiƙa. Ka kwatanta da na waya. Hoton 1080p ɗigo 2,073,600 ne, na DVD 414,720, ninki biyar cif. Na 4K ya ninka na DVD sau ashirin. Bidiyon minti 110 mai hoto 30 a daƙiƙa yana da hotuna 198,000, kuma kowane ɗaya sai kwamfuta ta buɗe shi, ta rage girmansa, ta matse shi. Nan lokacin yake tafiya.

In ka ja fayil ɗin MP4 ka jefa a faifai kai tsaye, babu juyi, minti goma ka gama. Amma wannan faifan ajiya ne. Zai buɗe a kwamfuta, wasu na'urori ƙalilan ma su karanta, sai dai tsohuwar na'urar da ke ɗakin Goggo za ta yi ta juya shi ta rubuto maka cewa babu faifai. Faifan kallo na gaskiya shi ne mai folda mai suna VIDEO_TS, cike da fayilolin VOB da IFO da BUP.

Mataki na farko: san abin da ke hannunka

Tara duk guntayen bidiyon a folda ɗaya a cikin kwamfutar kanta, kada ka yi aiki daga filash ko katin waya, domin jan bayani daga can yana rage gudu, kuma in wayar haɗin ta motsa aikin ya lalace. Buɗe kowane guntu da manhajar MediaInfo, kyauta ce, ka duba girman hoto, da yawan hoto a daƙiƙa, da tsarin matsi. In ka ga 4K ko H.265, ka sa a ranka cewa tsohuwar kwamfuta za ta sha wuya, don warware shi kawai aiki ne babba.

Ka roƙi 'yan'uwa su turo maka bidiyon da kebul ko ta hanyar da ba ta rage shi. Wanda ya biyo ta WhatsApp a matsayin bidiyo an riga an matse shi sau ɗaya, in ka sake matsewa fuskoki za su daskare kamar an shafa musu laka. Wanda aka ɗauka da waya a tsaye kuma zai fito siriri a tsakiyar talabijin da baƙi hagu da dama. Wannan ba shi da magani, sai dai gargaɗi kafin taro na gaba: a kwantar da waya.

In kaset ne na tsohuwar kyamara, MiniDV ko VHS, ƙara wani lokaci a lissafinka. Kwashe shi zuwa kwamfuta yana ɗaukar daidai tsawonsa, awa biyu awa biyu, ba ya gudu. Kuma awa ɗaya ta DV tana cin wajen giga 13.

Mataki na biyu: yanke, sannan ka fitar da fayil ɗaya

Duk mintin da ka yanke ka huta da juya shi, kuma ka ba wa sauran mintunan fili a faifai. Inda mai ɗauka ya manta waya tana kallon tabarma, inda ake jiran a gyara lasifika, duk cire. Amma kada ka yi rowa a inda zuciyar taron take. Ni da na zo wurin da yaron ya karanto ayoyin farko na Baƙara, muryarsa na rawa, malaminsa ya dafa kafaɗarsa, ko daƙiƙa ɗaya ban taɓa ba.

Ka yi hattara da kwalliya. Rubutu mai yawo, da furanni masu saukowa, da gyaran launi, da tace ƙura daga hoto, da hana hoto girgiza, kowanne nauyi ne a kan kwamfuta. Tace ƙura da hana girgiza su ne mafi ci, suna iya ninka lokacin fitarwa. In ka gama, fitar da aikin a fayil ɗaya mai inganci. Wannan fitarwar ma juyi ce, da nata lokacin. In manhajar da kake tace hoto da ita tana da zaɓin MPEG-2 na DVD, zaɓe shi kai tsaye, ka ga juyi ɗaya ka yi maimakon biyu.

Mataki na uku: lissafin fili

Faifan da aka rubuta wa 4.7 GB, kwamfuta za ta nuna maka shi a 4.38. Ba cuta ba ce, masu faifai da dubu suke ƙirga, kwamfuta da 1024. Faifai mai hawa biyu, wato mai shimfiɗar rubutu biyu a jikinsa, 8.5 ne a rubuce, ya fi tsada, kuma tsofaffin na'urori sukan yi tuntuɓe a inda ake sauya hawa. Ni na fi son faifai biyu masu hawa ɗaya a kan ɗaya mai hawa biyu.

Abin da za ka lissafa shi ne nauyin da kowace daƙiƙa za ta samu, wato bitiret, ana auna shi da megabit. Hanya mai sauƙi ga faifai mai hawa ɗaya: raba 590 da yawan mintunan bidiyonka, sannan ka cire 0.2 na sauti. Wannan 590 ɗin daga girman faifan ya fito, bayan an bar ɗan gefe na menu da sauran tarkace.

Na minti 110 ya ba ni 5.3 da ɗoriya, na cire na sauti, na tsaya a 5.1. Awa biyu za ta ba ka wajen 4.7. Awa ɗaya da rabi 6.3. Awa ɗaya kuwa lissafi zai ba ka sama da 9, amma kada ka bi shi. Iyakar bidiyo a ƙa'idar DVD megabit 9.8 ne, sai dai faifan da aka buga a gida bai kai na kamfani sauƙin karantuwa ba, don haka ka tsaya a 8, ido ba zai ga bambanci ba, na'ura kuma ba za ta riƙa sarƙewa ba. In bidiyon ya kai awa uku, kana wajen megabit 3 ke nan, kuma a nan hoto zai fara farfashewa murabba'i-murabba'i duk inda aka yi motsi, musamman a kan shadda mai sheƙi da atamfa mai ƙananan zane. Raba shi faifai biyu.

Sauti ka bar shi a tsarin matsi na AC-3, kilobit 192, ya wadatar da karatu da jawabi da addu'a. PCM, wato sautin da ba a matse ba, yana cin kilobit 1536, kusan kashi ɗaya cikin uku na rabon bidiyon awa biyu, a banza.

Mataki na huɗu: gwajin minti biyu

Wannan shi ne matakin da na tsallake a daren Goggo, kuma shi ne ginshiƙin duk bayanin nan. Babu wanda zai iya gaya maka daga nesa awa nawa kwamfutarka za ta ɗauka, domin amsar tana ga firosesarka, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da irin bidiyonka, da zafin ɗakinka. Ita kwamfutar za ta gaya maka, in ka tambaye ta da ɗan guntu.

Yanko minti biyu daga tsakiyar bidiyon, inda ake hada-hada, mutane na shige da fice. Kada ka ɗauko daga farko inda rubutu ne kawai a kan baƙin allo, wannan zai yi gudu ya ruɗe ka. Juya guntun da saitin da za ka yi amfani da shi a babban aikin, ka duba agogo. Mai amfani da ffmpeg, manhajar juyi da ake ba umarni a rubuce, zai rubuta haka:

ffmpeg -ss 00:40:00 -t 120 -i walima.mp4 -target pal-dvd -aspect 16:9 -b:v 5100k -b:a 192k gwaji.mpg

Yayin da yake aiki, a layin ƙasa za ka ga speed da wata lamba. In ta nuna 1.5x, kowace daƙiƙa ɗaya ta agogo yana juya daƙiƙa ɗaya da rabi ta bidiyo. Raba tsawon bidiyonka da wannan lambar. A laftof ɗina minti biyun ya ɗauki daƙiƙa 80, wato 1.5x ɗin ke nan, sai minti 110 ya kama minti 73. Wanda ba ya son rubuta umarni, ya jefa guntun a DVDStyler, manhajar haɗa faifan DVD, ya danna agogon wayarsa, lissafin ɗaya ne.

A kan abin da ya fito ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu. Dalili shi ne a minti biyu kwamfuta ba ta gama ɗaukar zafi ba. Bayan rabin awa, in fanka ta fara kuka, firosesa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. A watan Afrilu, a ɗakin da ba iska, wannan ragin ba kaɗan ba ne.

Sannan akwai maganar zagaye ɗaya ko biyu. A zagaye biyu, manhaja tana bin bidiyon daga farko zuwa ƙarshe ta auna inda ke da motsi da inda ke tsaye, kafin ta dawo ta raba nauyi gwargwadon buƙata. Lokaci kusan ninki biyu ne. A ganina, in nauyinka ya kai megabit 6 zuwa sama, zagaye ɗaya ya isa, ƙarin awar ba za ta sayo maka abin da ido zai gani ba. In kana ƙasa da 5 kana ƙoƙarin cusa dogon taro a faifai ɗaya, a nan zagaye biyu yake biyan wahalarsa. A daren nan zagaye biyu na zaɓa don kawai na ga an ce ya fi kyau. Aikin minti 73 ya koma na kusan awa biyu da rabi, wuta kuma ba ta jira ba.

Kalli guntun gwajin kafin ka wuce. Duba ko baki da murya suna tafiya tare. Wayoyi da yawa ba sa riƙe yawan hoto a daƙiƙa daram, sukan ɗan hau su sauka, kuma wannan kan sa sauti ya riƙa zamewa. In motsi yana ɗan tsalle, sauyin hoto 30 zuwa 25 ne ya jawo. Za ka iya gwada tsarin NTSC, mai 720 da 480 da hoto 29.97 a daƙiƙa, wanda ya fi kusa da na waya. Akasarin na'urorin da ake sayarwa a ƙasashen PAL suna karanta shi, amma ka gwada a na'urar wanda za ka ba. In launi ya koɗe kamar an wanke, bidiyon HDR ne, irin na sababbin wayoyin iPhone, sai ka mayar da shi launin yau da kullum a manhajar tacewa tukuna.

Mataki na biyar: shirya kwamfuta da wuta

Jona caja. Laftof da yawa suna rage ƙarfin firosesa da zarar sun koma kan batir, ga shi juyi yana shanye batir da sauri fiye da kowane aiki. Shiga saitin wuta na Windows ka hana ta barci, ka sa ta a kan mafi ƙarfi. Rufe burauza da duk abin da ba ka buƙata. Kada ka ɗora ta a kan katifa ko darduma, ƙofofin iskarta a ƙasa suke. Ɗora ta a tebur, ka ɗaga bayanta da littafi biyu, ka juyo mata fanka. In hunturu ya wuce ba a busa mata ƙura ba, a busa.

Ka bar aƙalla giga 15 fili, domin za a samu fayil ɗin MPEG, da foldar VIDEO_TS, da fayil ɗin ISO da za mu yi bayaninsa a gaba, kowanne ya haura giga huɗu.

Yanzu da ka san aikinka na awa ɗaya da rabi ne, ka san man da janareta zai sha, ko ko inbata za ta ɗauka. In ba ka da tabbacin wuta, raba bidiyon gida uku ko huɗu, ka juya kowanne daban. In ta yanke a na uku, biyun farko suna nan. Juyin da ya katse a tsakiya yawanci ba ya ci gaba daga inda ya tsaya, daga farko ake komawa.

Mataki na shida: haɗa faifan, amma kada ka buga tukuna

Windows 7 tana da DVD Maker a cikinta, daga Windows 8 aka cire. Apple ma ya daina iDVD da daɗewa. DVDStyler kyauta ce kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux. Da ka buɗe za ta tambaye ka sunan faifai, girmansa, PAL ko NTSC, 4:3 ko 16:9, da irin sauti. Bidiyon waya da aka ɗauka a kwance 16:9 ne. Jawo fayilolinka ƙasa a jere. In ka riga ka juya su zuwa MPEG-2 mai bin ƙa'ida, duba bayanin kowane fayil ka tabbata an sa a kwafe shi yadda yake, kada ta sake juya abin da aka juya, ka yi asarar lokaci da kyawun hoto tare.

Menu ka yi shi da hoto tsayayye. Mai motsi shi ma sai an juya shi, kuma dattijo ba abin da yake so illa ya sa faifai ya fara. Na Goggo ma na saita shi ya tashi da kansa. Sanya babi duk bayan minti goma, don mai rimot ya iya tsallakawa zuwa wurin addu'a.

Da ka zo bugawa, zaɓi a ƙirƙiri ISO maimakon a buga kai tsaye. ISO hoton faifan ne dungurungum a fayil ɗaya. Amfaninsa babba ne: juyi sau ɗaya ka yi, daga nan ko faifai ashirin dangi suka nema, kowanne mintunan bugawa kawai zai ci. In faifai ya lalace a tsakiyar bugu, wani za ka saka, ba sai ka koma awannin baya ba. Buɗe ISO ɗin da manhajar kallon bidiyo ta VLC, ka leƙa farko da tsakiya, ka daɗe a mintuna biyar na ƙarshe, don a can zamewar sauti take bayyana. In za ka kai shi shago a filash, ka tuna filash mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai giga 4, sai ka mayar da shi exFAT ko NTFS bayan ka kwashe abin da ke ciki.

Mataki na bakwai: bugawa

Wannan shi ne gajeren. Gudun 1x na DVD yana cika faifai a kusan awa ɗaya, 4x a wajen minti 15, 8x a minti takwas zuwa goma, 16x a wajen shida. Ko an rubuta 16x a jikin faifan, ni a 4x ko 6x nake bugawa, musamman da faifan kasuwa da ban san asalinsa ba. Minti taran da za ka tsira da su ba su kai takaicin faifan da ke tsayawa a tsakiyar kallo ba. ImgBurn tana yin wannan aikin da kyau a Windows. Zaɓi rubuta ISO a faifai, sa gudun, ka bar alamar Verify a kunne don ta karanta abin da ta rubuta ta gwada da na asali. Wannan zai ƙara 'yan mintuna. Kada ka taɓa teburin, kada ka buɗe wani aiki.

Ga tsohuwar na'ura, DVD-R ya fi DVD+R samun karɓuwa. In kana da DVD-RW mai gogewa, fara gwadawa da shi.

Jimillar aikin walimar, da na sake shi da lissafi: juyi zagaye ɗaya kusan awa ɗaya da rabi har da ragin zafi, haɗa faifai da ISO 'yan mintuna, bugawa da tantancewa kusan minti 25. Na fara bayan la'asar a ranar da aka tayar da janareta, kafin isha'i faifai uku suna kan tebur.

Na ƙarshe, kai faifan ga na'urar DVD ta gaske, ba kwamfuta ba, don kwamfuta tana haƙuri da kurakuran da na'ura ba za ta ɗauka ba. Na ɗauki ɗaya na shiga gidan maƙwabcinmu mai tsohuwar na'ura irin ta Goggo, muka zauna a tabarma muka tsallaka babi-babi har ƙarshe. Rubuta suna da kwanan wata a saman faifan da maka mai laushin baki, kada ka yi da biro, kada kuma ka manna takarda, tana sa faifai ya karkace a juyawa. Saka shi a kwali, ka gaya wa mai shi ya nisanta shi da rana da saman talabijin. ISO ɗin da fayilolin asali na waya kuma ka kwafe su a wuri biyu daban, domin faifan da aka buga a gida launin da ke cikinsa yana dusashewa da zafi da shekaru, kuma ranar da Goggo ta aiko cewa nata ya fara sarƙewa, daga ISO ɗin na buga mata wani a cikin minti ashirin da biyar.